Yarona bai iya wasa da yara ba, ya zan yi?

Ummin Biyu:
Salam 'yan uwa, don Allah shawara nake nema. Babban ɗana shekararsa 7, muna Kaduna a gidan haya mai get, da safe boko, da yamma islamiyya, Asabar lesin, ɗan lokacin da ya rage kuma wayata ce a hannunsa yana kallon katun. Da babbar Sallah muka je gida wajen Hajiya, yaran gidan suka ja shi langa a ƙofar gida, wallahi ko riƙe ƙafar bai iya ba, ɗan turewa ɗaya aka yi masa ya shigo yana ihu wai an dake shi. Da dare aka zuba musu tuwo a kwano ɗaya ya ce shi dai a ba shi nasa da cokali. Hajiya ba ta ce uffan ba, kallona kawai ta yi, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Babansu kuma ya ce ba inda zai fita saboda halin da ake ciki.

Kawun Yara:
Wa'alaikumus salam. 'Yar uwa ai kukan nan shi ne karatun, da kin bari ya gama ki ce ya koma. Mu a dandali muka koyi haƙuri, a kayar da kai ka tashi ka kakkaɓe wando, in ka kai ƙara gida ma a ƙara maka da rankwashi. A langa duk ƙarfinka in ka bar ruwanku, wato yaron da ɓangarenku ke karewa, ba mai tare masa an cinye ku, daga nan yaro ke gane shi kaɗai ba ya ci. Ga motar kara da muke ƙerawa bayan girbi, ga garen taya, ga tashe in azumi ya kai goma, ba wanda ya taɓa saya mana abin wasa.

Bazazzagiya:
Kawu a yi mana afuwa, lokacinku duk unguwa iyayen yaro ne, maƙwabci zai tsawatar a gode masa. Yanzu kuwa ana sace yara, maigidanta yana da gaskiya. Ni abin da na yi, na kira yaran maƙwabta su huɗu duk Juma'a bayan la'asar cikin tsakar gida, na zana musu 'yar gala-gala da gawayi a siminti, na koya wa matan carafke da tsakuwa. Ranar farko faɗa ne kawai da kuka, na toshe kunne ina tankaɗe. Yanzu su ke raba faɗan da kansu.

Maman Walida:
Ni maganar kwanon nan ce ta tsaya min. A gidanmu babba ke raba nama, ƙarami ba ya miƙa hannu sai an ba shi, kuma babban ne zai fara tsame hannu ya bar wa ƙanne saura. Ki fara haɗa shi da ƙaninsa ko sau ɗaya a rana. In an ɗauke wuta kuma kar a jawo waya, ki ce ga ta nan ga ta nanku ki ga ikon Allah, Gizo da Ƙoƙi har gobe suna aiki.

Ummin Biyu:
Na gode sosai, Allah ya bar zumunci. Jiya na gwada tatsuniyar, na kai tsakiya na manta ƙarshenta, sai da na buga wa Hajiya ta ƙarasa musu a sifika tana min dariya. Ta ce in turo mata mijin nata dogon hutu, saura shawo kan babansu.