Shin yawan mutanen da aka tambaya ya isa hujja a ƙididdiga?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na karanta rahoton wani bincike da aka tambayi dubban mutane, sai na ɗauka magana ta ƙare, amma malaminmu ya ce yawa kaɗai ba hujja ba ne. Don Allah ina neman ƙarin bayani.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malaminku ya yi gaskiya, domin abin dubawa shi ne yadda aka zaɓo mutanen. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta tattara amsoshi sama da miliyan 2, ta yi hasashen ɗan takara Landon zai kayar da shugaba mai ci Roosevelt a zaɓen shugaban ƙasa, amma Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. An ɗebo yawancin sunayen daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci, alhali talakawa da dama ba su mallaki ko ɗaya ba, kuma akasarin waɗanda aka aika wa takardar ba su amsa ba.

Amsa ta biyu: Ni matsakaicin adadi ne ya fi damuna. A ce ma'aikata tara kowanne yana samun 10, shugabansu kuma 910. Idan aka haɗa jimillar aka raba gida goma, matsakaicin zai zama 100, adadin da babu wanda yake samu a cikinsu. Lissafin daidai ne, fassarar ce ke ruɗar da mai karatu.

Mai tambaya: Na gode, malamai. Na sake duba rahoton, ashe a intanet aka yi tambayar, kuma wanda ya ga dama ne kawai ya amsa.