Neman kalma: me za mu kira integration a labarin 'yan birij na Amurka?

Salamu alaikum, masu Hausa. Kalmar segregation ba ta da gardama a wurinmu, "wariyar launin fata" ta zauna tun zamanin labaran Afirka ta Kudu. Kishiyarta, integration, ita ce ta tsaya mini, kuma labarin da nake son bayarwa da ita na wasan karta ne.

Birij wasa ne na mutum huɗu, biyu-biyu, da kati 52, kowa ya riƙe 13. A gasarsa ba kuɗi ake zubawa ba, maki ake tarawa, don haka kada a ɗauke shi caca. Abin lura shi ne 'yan wasa suna zagayawa daga tebur zuwa tebur. In aka bar baƙar fata biyu suka shiga, to fararen da ke zauren za su yi ta zama da su gaba da gaba, hannu na taɓa katin da hannu ya taɓa. Wannan ne masu wariya suka ƙi. Birnin Birmingham na jihar Alabama har doka ya kafa da ta haramta wa baƙi da farare yin karta ko dara tare.

Da aka rufe musu ƙofar gasar, wasu baƙaƙe 'yan wasan tanis suka kafa tasu ƙungiyar ta birij, ABA, a 1932 a Buckroe Beach ta jihar Virginia. Babbar ƙungiyar birij ta ƙasar, ACBL, wadda aka kafa a 1937, ta daɗe ba ta karɓarsu. A 1952 ta bar wa kowane reshe ya zaɓi wanda zai ɗauka, abin da ya ba rassan jihohin kudancin ƙasar damar ci gaba da halinsu. Sai a 1967 ta rubuta a dokokinta cewa ba a hana kowa shiga saboda launi ko addini. To, wannan abu me sunansa da Hausa? Ni "haɗewa" ta fara zo mini.

Malama Hajara: Malam, "haɗewa" ba ta yi ba. Da ita muke cewa an haɗe Arewa da Kudu a 1914, abu biyu ya koma ɗaya. Kai kuwa ba ka ce an rushe ABA ba.

Gaskiyarki, Malama, kuma nan ne gizo ke saƙar. ABA na nan da ranta har yau, tana shirya gasarta ta ƙasa, mutanenta da dama suna wasa a ƙungiyoyin biyu. Sun gina gidansu lokacin da aka kore su, da aka buɗe musu wancan ba su rushe nasu ba, kuma ina ganin sun yi daidai. Mai karatu ya ga "haɗewa" zai zaci an haɗiye su.

Baba Audu: Yaro, me ya hana "haɗin kai"? Ko "cakuɗa"?

Allah ya ƙara girma, Baba. "Haɗin kai" na waɗanda bakinsu ya zo ɗaya ne, nan kuwa abokan hamayya ne a tebur, kowa na neman kayar da wani. "Cakuɗa" kuma tana da ɗan warin zargi, yadda ake faɗinta a kan maza da mata a biki.

Malama Hajara: To a raba su biyu mana. Abin da aka yi a takarda a 1967 "soke wariya" ne. Zaman da ya biyo baya, a yi wasa tare, a ci abinci tare, "cuɗanya" ce.

Na karɓa hannu biyu. Rabewar ta ma fi faɗin gaskiya, domin ana soke doka a taro ɗaya, cuɗanya kuwa sai mutane sun yarda da juna a hankali. Zan rubuta "soke wariya" in ana maganar doka, "cuɗanyar baƙi da farare" in ana maganar zama. 'Yan'uwanmu na Nijar, ku faɗa mana ko "cuɗanya" na ɗaukar wannan ma'ana a Damagaram da Maraɗi.