Neman kalmar Hausa: me za mu kira RECHERCHEV?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan koyar da masu ajiyar kuɗin ƙungiyoyin manoman wake a nan Maradi aiki da Excel, manhajar jadawali da lissafi, kuma kwamfutocinsu na Faransanci ne. A jadawalinsu an shigar da sunayen manoma yadda suka zo awo, ba bisa jerin haruffa ba. Ina neman sunan Hausa na aikin RECHERCHEV, wato fomular da ke nemo suna a jadawali ta kawo abin da ke gabansa, da na FAUX ɗin da ake sawa a ƙarshe, domin idan aka manta da shi, fomula takan ɗauka sunayen a jere suke, ta kawo buhunan wani a gaban sunan wani ba tare da ta nuna kuskure ba.

Wata mai fassara: Malam, ka ce "zaƙulo", tunda abu ɗaya ake fiddawa daga cikin tari. FAUX ya zama "daidai wa daida", kishiyarsa VRAI kuma "mafi kusa".

Wani dattijo: Ni "lalube" nake koyarwa shekara da shekaru. Sannan "fomula" ba Hausa ba ce, kuma tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, abin kunya ne mu ci gaba da aro. Shi ma "zaƙulo" a bakin ƴan rediyon Kano na fi jin sa.

Wata mai fassara: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, kakata a Tibiri "zaƙulo" take cewa idan ta tura hannu ƙasan kwando, kuma ba ta taɓa zuwa Kano ba.

Malamin lissafi: Baba, lalube aikin duhu ne, wannan kuwa ba haka yake ba. Idan an sa FAUX, fomula daga sama take bi layi bayan layi, ta tsaya a sunan farko da ya dace, in babu ta rubuta #N/A, wato ba a samu ba. Saboda haka manoma biyu masu suna ɗaya, na farko kaɗai za ta kawo, gara a nemi kowa da lambar katinsa.

Mai tambaya: Na gode. Zan tafi da "zaƙulo" da "daidai wa daida", kuma zan ƙara layin lambar kati a jadawalin.

Wani dattijo: "Daidai wa daida" na yarda da shi. "Fomula" kuwa ban yarda ba, sai mun sake zama a kanta.