Sitof ko filank? Mai ciwon kwankwaso na neman shawara

Abban Sadiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aikin ofis nake, zama daga safe har la'asar, teɓa ta fito, kwankwaso kuma yana ɗan riƙe mani in na daɗe a kujera. Kuɗin hannuna abu ɗaya za su yi: ko in biya jim (wurin motsa jiki) na wata ɗaya a wajen GRA, ko in sayi tayar nan ta motsa ciki in riƙa yi a gida. Kuma tsakanin sitof (kwanciya rigingine kana tasowa zaune) da filank (kifewa a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe), wanne ya fi dacewa da mai irin bayana? Safiya ba tawa ba ce, ni ke kai yara makaranta.

Ɗan Ƙofar Marusa: Sitof 100 bayan asuba, sai zagayen filin wasa na Muhammadu Dikko. Shi ke nan.

Baban Walid: Sitof? Allah ya kiyaye. Haka wani yaro a wani jim ya kwantar da ni a benci mai gangara, ya ɗora mani faifan ƙarfe a ƙirji, yana ta "ƙara ɗaya, Alhaji". Ina tasowa na ji wani abu ya tsarga mani daga ƙugu har ɗan yatsan ƙafa. Da ƙyar aka saka ni a Napep. A zaune na riƙa yin sallah, takalmi ma sai Walid ya tura mani da ƙafa. Na biya dubu 15 a farkon wata, na koma neman ragowar kuɗina, mai wurin ya ce ai ba su suka hana ni zuwa ba. Ko sannu.

Ɗan Ƙofar Marusa: Dubu 15? An cuce ka, Baba. Dubu 7 ne.

Nura Layout: Wane bakwai? Goma nake biya, in an tada janareta a ƙara maka.

Baban Walid: Kuɗin ba su dame ni kamar rainin ba. Yaron har yau yana nan yana kwantar da dattawa.

Sister Hadiza: Yaya Abban Sadiya, fannin gashin ƙashi nake karanta. Sitof yana lanƙwasa ƙashin baya ne a kai a kai, kuma wani ɓangare na aikin tsokar gaban cinya ke yin shi. Filank kau baya a miƙe yake, ciki ne ke riƙe ka. Fara da daƙiƙa 10 zuwa 20 a kan gwiwar hannu, kar ƙugu ya lotsa. Ka haɗa da na gefe, da wanda za ka durƙusa ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu tare. Tayar nan ka ƙyale ta tukuna, ta fi ƙarfin mai farawa. In zafin yana sauka ƙafa, asibiti za ka fara zuwa. Sannan duk cikinsu babu mai narkar da kitsen ciki shi kaɗai, sai ka taɓa tuwon dare da lemon kwalba, ka yi tafiya. Minti 150 a mako Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, aƙalla.

Tsohon Saje: Ɗiyata, da sitof aka horar da mu tun ba a haife ki ba, ga bayana garau.

Sister Hadiza: Baba, sojan Amurka ma sun cire shi daga gwajinsu, filank suke yi tun 2022.

Tsohon Saje: To a Amurka nake?

Ɗan Ƙofar Marusa: Ɗaliba ce fa, ba ta ma gama ba.

Nura Layout: Kai me ka gama?

Sarkin Shayi: Malam, ka bar tumbinka. Babbar riga ba ta zama sai da shi, a wurin ɗaurin aure ma kujerar gaba za a ba ka.

Maman Ihsan: Ku kuna da inda za ku ma. Tun da na gama jego cikina bai koma ba, ungozoma ta ce tsokar ce ta rabu a tsakiya, kar in yi sitof. Na nemi wurin mata zalla, inda na samu lokacin da suka ware mana shi ne daidai ɗora girkin rana. In ka fita tafiya da hijabi da kambas kuma, 'yan majalisa su raka ka da ido har kwana.

Hajiya Rafin Daɗi: Mu a tsakar gida muke zagaye, maƙwabciya na leƙe ta katanga wai ko aljanu ne.

Abban Sadiya: Na gode. To jim ɗin ko tayar?

Maman Ihsan: Hajiya, ƙarfe nawa kuke farawa? Akwai wurin mutum ɗaya?