Me ya kamata yaro ya iya kafin ya gama aji uku na firamare?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. 'Yata tana aji biyu a wata makarantar kuɗi, kuma a farkon kowace shekara ana ba mu jerin littattafan da za mu saya na darussa fiye da goma, har da Faransanci. Littattafanta na rubutu cike suke da abin da ta kwafa daga allo, rubutun kuma gwanin sha'awa, sakamakonta na ƙarshen zango ma ba laifi. Amma idan na buɗe mata wani littafin da ba na makaranta ba, ko na nuna mata rubutun da ke jikin kwalin sabulu, sai ta yi shiru tana kallona. Idan kuwa na fara mata wata jimla daga littafin ajinsu, sai ta ƙarasa da ka ba tare da ta ko dubi takardar ba.

Tambayata ita ce, shin manhajar gwamnati ce ta ɗora wa yaro ɗan shekara bakwai waɗannan darussa duka, ko kuwa makarantu ne suke ƙarawa? Sannan mene ne abin da ya kamata uwa ta auna ɗanta da shi a gida, don ta san ko ana koya masa wani abu ko kuwa hadda kawai yake yi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yarinya albarka, ya kuma saka miki da wannan lura da kika yi, domin iyaye da yawa sukan tsaya ne a kan lambar da aka rubuta a takardar sakamako.

Hukumar da ke tsara manhajar firamare a Najeriya ita ce NERDC. Bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta haɗa shekara shida na firamare da shekara uku na ƙaramar sakandare suka zama zango ɗaya na tilas, hukumar ta fito da manhajar shekara tara, aka fara aiki da ita a 2008. Malamai suka yi ta kuka da yawan darussa, har aka yi mata gyaran da ya fara aiki a 2014. A ƙarƙashin wannan gyara, ɗan aji ɗaya zuwa uku darussa shida ne a kansa: Turanci, Lissafi, harshen gida ɗaya, Kimiyya da Fasaha, Addini da Tarbiyyar Ƙasa, sai Al'adu da Zane-zane, Larabci kuma na bakwai ga wanda ya so. Faransanci da darasin Noma da Kula da Gida sai a aji huɗu suke shigowa. A 2025 an sake yin wani gyaran, inda aka rarraba wasu darussan da aka haɗe a baya, aka kuma mayar da Tarihin Najeriya wajibi tun daga aji ɗaya. Duk da haka Faransanci bai sauko aji biyu ba. Makarantar ce ta ƙara shi, kuma a sanina makarantu da yawa suna yin haka ne domin iyaye su ga kuɗinsu bai tafi a banza ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, waɗannan darussa ba matsayinsu ɗaya ba. A shekara ukun farko akwai abubuwa biyu da sauran duka suka rataya a kansu, wato karatu tare da fahimta, da kuma lissafi. Yaron da ya shiga aji huɗu bai iya karatu ba, kowane darasi zai koma masa hadda, domin daga nan ba a sake tsayawa a koya masa karatu, ana ɗauka ya iya, da karatun ne ma ake so ya koyi sauran abubuwa. Kuma matsalar ba a gidanki kaɗai take ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan yara tara cikin goma 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Ga yadda za ki auna ta. Ki rubuta haruffa a warwatse, ba bisa jerin abacada ba, ki ce ta faɗi sautin kowanne. Idan ta wuce nan, ki rubuta mata gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, ɗo, sannan kalmomi masu gaɓa biyu kamar gida, rana, tuwo. Daga nan ki rubuta jimla uku ko huɗu da kika ƙirƙira da kanki, waɗanda ba ta taɓa ji ba, ki bar ta ta karanta, sannan ki rufe takardar ki tambaye ta wa ya yi me. Inda ta tsaya, nan ne ajinta na gaskiya, kuma daga nan ya kamata a ɗauko ta. Iyayenmu a makarantar allo sun san wannan tsari tun da daɗewa: yaro ba ya shiga farfaru sai ya gama babbaƙu, kuma malam ba ya ba shi izinin wanke allo sai ya biya daidai.

Baban Sadiku ya amsa:

Ranka ya daɗe, Baba Hedimasta, na ƙaru da bayaninka, amma na lura duk misalan da ka kawo na Hausa ne, alhali yarinyar nan da Turanci ake koyar da ita, kuma da Turanci za ta rubuta jarrabawar shiga sakandare da WAEC da JAMB. Mu da muke matse aljihu muna kai yaranmu makarantar kuɗi, Turancin nan ne muke nema musu, saboda mun ga yadda rashinsa ya rufe wa mutane masu basira ƙofofi. Gwamnati ma ta koma ga wannan ra'ayi. A 2022, zamanin minista Adamu Adamu, an amince da manufar koyarwa da harshen uwa har tsawon shekara shida na firamare, amma a watan Nuwamba na 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, ya ce Turanci ne zai zama harshen koyarwa, yana kafa hujja da faɗuwar ɗalibai a manyan jarrabawa. Ina tsoron kada Hajiya ta raba hankalin yarinya gida biyu, ga Larabcin Islamiyya da yamma, ga Turanci da safe, a kuma ƙara mata Hausa a gida.

Malamar Aji Ɗaya ta amsa:

Malam Baban Sadiku, damuwarka tana kan hanya, kuma babu malamin kirki da zai ce kada yaro ya koyi Turanci. Saɓanin yana kan ta inda za a fara ne.

Karatu sau ɗaya ake koyonsa. Abin da yaro yake buƙatar ya gane shi ne cewa kowace alama a takarda tana wakiltar wani sauti, kuma idan an harhaɗa sautukan za su ba da kalma mai ma'ana. Rubutun Hausa yana sauƙaƙa wannan, domin wasulanmu biyar ne, kuma kusan yadda aka rubuta kalma haka ake furta ta. Ina ma a ce iyaye suna ganin fuskar yaro a ranar da ya ɗora yatsa a kan allo ya ce "ka", ya matsa ya ce "za", ya ɗan yi jim, sannan ya ɗago da ƙarfi ya ce "kaza!" Ya gane ta ne saboda akwai ta a tsakar gidansu. A Turanci kuwa harafi ɗaya yana iya ɗaukar sauti uku ko huɗu, kuma ko da yaro ya yi sa'a ya furta kalmar daidai, bai san me take nufi ba, saboda haka ba shi da abin da zai tabbatar masa cewa ya yi daidai. Nauyi biyu aka aza masa lokaci ɗaya, na koyon karatu da na koyon baƙon harshe, shi ya sa yake gudu ya fake a hadda.

An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa tun daga 1977 ta tanadi a fara da harshen da yaro yake ji a kewayensa kafin a koma Turanci. A jihohin Bauchi da Sakkwato kuma an gudanar da shirin Mu Karanta, wanda ya fara koya wa yara karatu da Hausa sannan ya ɗora su a kan Turanci. Game da soke manufar 2022, ni dai hujjar ba ta gamsar da ni ba, domin yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma gama firamare ba a 2025, balle ya zauna WAEC, kuma a yawancin makarantu manufar ba ta sauka daga takarda zuwa aji ba saboda rashin littattafai da horar da malamai.

Hajiya, kada ki manta da lissafi. Yara da yawa suna rera jadawalin sau kamar waƙa, amma idan kika ce su cire 8 daga 23 sai su rikice. Ki samo tsinken tsintsiya ki kakkarya, ki ɗaure goma-goma da zare, ki bar wasu a sake. Ki ba ta ɗauri biyu da tsinke uku ki ce ta ba ki takwas. Za ta ga ukun ba za su isa ba, dole ta kwance ɗauri ɗaya, kuma wannan kwancewar ita ce aron da ake koya musu a allo ba tare da sun san dalilinsa ba. Kafin ta gama aji uku ya kamata ta iya tarawa da ɗebewa na lambobi masu gurbi uku, ta fahimci ninkawa da rabawa masu sauƙi, ta iya karanta agogo, ta kuma iya lissafa canji idan an aike ta shago.

Ɗan Damagaram ya amsa:

Ina gaida jama'a daga Nijar. Abin da Malama ta faɗa mun san shi a nan, sai dai mu Faransanci ne a madadin Turanci. Yaro yakan shiga ajin farko da muke kira CI bai taɓa jin kalma ɗaya ta Faransanci a gida ba, ya yi shekara yana maimaita abin da malam ya faɗa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram wadda take fara koyarwa da Hausa kafin a shigo da Faransanci, daga baya aka yi irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Abin takaici shi ne an daɗe ana kiransu na gwaji, ba su game ƙasa ba. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muna kuma fatan hakan ya zo da littattafai da malaman da aka horar, domin su ne za a gani a aji.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na gwada ta kamar yadda Baba Hedimasta ya ce. Ta san sunayen haruffa duka da Turanci, amma ba ta san sautinsu ba, kuma a kan gaɓoɓi ta tsaya. Malama, tunda makarantar ba za ta sauya tsarinta saboda ni kaɗai ba, me zan nema a wurinsu?

Malamar Aji Ɗaya ta amsa:

Ki je wurin malamar ajinsu cikin mutunci, ba da sigar ƙorafi ba, ki roƙe ta ta sa yarinyar ta karanta wani sabon shafi a gabanku ku biyu. Ki tambaye ta minti nawa ake warewa kullum don koyar da sautukan haruffa, kuma me ake yi wa yaran da aka bari a baya. Idan an zo taron iyaye da malamai ki tayar da maganar, za ki tarar ba ke kaɗai ba ce. A gida kuma ki ware kwata ɗaya na awa kowace rana bayan ta huta, ki fara da wasulan nan biyar, ki riƙa ƙara baƙi biyu a mako, kada ki wuce gaba sai ta iya haɗa su da kanta.