Lauyana ba ya ɗaukar waya, saura mako uku a zauna kotu

Maman Sadiq, Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shari'a da tsohon mijina a kotun iyali nan Kumasi, kan riƙon yarana biyu da kuɗin ciyar da su. Wata takwas ke nan ana abu ɗaya. Na ba lauya sidi 3,000, daga jarin atamfar da nake sayarwa a kasuwar Kejetia na cire su. Zama biyu bai zo ba, sai ya turo wani yaro daga ofishinsa. A bakin ƙofar kotu yaron yake tambayata sunayen 'ya'yana. Wallahi wannan ya tsaya min a rai. Yanzu in na kira, wayar ta yi ta ƙara. Jami'ar walwalar jama'a ta riga ta zo gidanmu, ta ga ɗakin da yaran ke kwana, rahotonta za a duba a zama mai zuwa. In canza shi ne, ko in haƙura?

Baba Tanko, Asawase:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar wayar, ki je ofishinsa da ƙafarki, ki zauna har ya fito. Ki tambaye shi ko shi da kansa zai zo ranar, kuma ko ya karanta rahoton. Ɗage zama ba kullum laifin lauya ba ne, amma rashin zuwa nasa ne. Mako uku dai ya yi kaɗan sabon lauya ya san ciki da wajen maganarki.

Hajiya Rabi, Sabon Zango:
Ƙanwata, ni na canza, ban yi da-na-sani ba. Amma sai da na samu sabo ya yarda tukuna na sallami tsohon. Sabon shi ya shigar da takardar sanarwa a kotu cewa yanzu shi ke tsaya min. Inda na sha wuya shi ne fayil: tsohon ya riƙe har sai da na cika masa ragowar kuɗinsa. Tun yau ki nemi rasit, ki ɗauki hoton kowace takarda a wayarki, har da na kuɗin makarantar yara.

Malam Awudu:
Dokar yara ta 1998, wato Act 560, ta ce kotu ta duba abin da ya fi wa yaro alheri, da muhimmancin ƙaramin yaro ya zauna da mahaifiyarsa. Don haka kada tsoro ya kama ki. In kuɗi ya gaza akwai Legal Aid Commission, masu taimaka wa marasa hali. In kuwa ya ci kuɗinki ya ƙi aiki, General Legal Council, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, ake kai ƙarar lauya.

Maman Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Baba, gobe da sassafe zan bar wa ƙanwata shago in tafi ofishin. Hajiya, don Allah nawa sabon ya karɓa a hannunki kafin ya fara?