Baterin gado: a ƙara masa ganguna ko a ƙyale shi?

Mai Bateri: Salamu alaikum ƴan zaure. Yau da ɓacin rai na zo muku. Asabar ɗin nan an yi babban biki a Sabon Gari, orkestar da nake yi wa kiɗa suka tafi da wani yaro suka bar ni a gida, ko waya babu. Da na tuntuɓi shugabanmu sai ya ce wai masu biki yanzu da ido suke biyan kuɗi, baterina, wato jerin gangunan da nake kaɗawa da sanda da ƙafa, ganga huɗu ne kacal, na yaron kuwa ɗan Sin ne mai tom biyar, gangunan nan da ake jerawa kewaye da babbar ganga, in an jera shi sai ya cika dandali. Nawa Premier ne na Ingila, marigayi babana ya sayo shi a Kano tun ba a haife ni ba: babbar ganga ta ƙafa, kes (ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta), tom ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Yanzu na samu wani a Kano zai sayar mini da tom biyu. Niyyata in huda bayan babbar gangar in dasa ƙarfe in ɗora su, kowa ya huta. Kayan gadona ne, ba mai hana ni, shawara kawai nake nema. Amma ku duba mini, ni ɗan gado, a ce yaron da ya fara riƙe sanda jiya ya ture ni don yawan ganguna?

Auta: Allah ya huci zuciyarka yaya. Huda kawai, zamani ne.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. An yi maka ba daidai ba, wannan kam. Amma ka janye kalma ɗaya. Ɗan gado? Tun yaushe kiɗan bateri ya zama gado a Damagaram? Gado shi ne gidan da kaka da kakanni suke kaɗa tambari a ƙofar fada, ko masu kalangun mahauta, ko masu dundufar maƙera. Babanka tela ne, Allah ya jiƙansa, kowa ya san shagonsa, da dare yake zuwa orkestar. Wannan haye ne, kuma ba zagi ba ne.

Mai Bateri: Yaya Ɗan Birni, maganar tom nake yi.

Ɗan Birni: Ni ma can zan je. Amma sai an gyara tushe.

Na Zango: An fara. Ku mutanen Birni in ba a ce komai daga bakin fada ya fito ba, ba kwa barci. Uba ya yi sana'a, ɗa ya tashi ya ɗauka, in ba gado ba mene ne sunansa? Kyan ɗa ya gaji ubansa, ba a ce kyan ɗa ya gaji kakan kakansa ba.

Ɗan Birni: Uba ɗaya ba ya yin gado. A ƙalla kaka.

Na Zango: Wa ya kafa wannan doka? Kawo inda aka rubuta.

Ɗan Birni: Abin da kowa ya sani ba a rubuta shi. Je ka tsaya ƙofar fada ranar hawan salla ka ga ko za ka ga mai bateri a bayan sarki.

Na Zango: Algaitar da kuke busawa a can daga ina ta zo? Ba ayari ne ya kawo ta daga arewa ba? Ranar da ta zo ita ma baƙuwa ce. Sarki Tanimun da ya gina muku ganuwar da kuke taƙama da ita, shi ya sa aka ƙera igwa a garin nan, bai tsaya cewa kakansa bai san ta ba.

Ɗan Birni: Kada ka sa sunan sarki cikin maganar kiɗan rawar dare. Ku ƴan Zango baƙi ne tun asali, fatake suka sauke kaya suka manta ba su tashi ba.

Na Zango: Baƙin da suka ciyar da ku. Da ba don Zango ba da Birni ta ci ganuwa.

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara da maganar unguwa.

Mushe: Assalamu alaikum. Ɗana Mai Bateri, ka saurare ni, don na zauna a bayan wannan baterin lokacin da babanka yake raye, na san shi tun launinsa yana fari. Kada ka huda. Rami in ya shiga icce ya shiga ke nan, kuma masu neman tsofaffin ganguna abin da suke fara dubawa shi ne ko an yi wa jikin ƙarin rami. Wanda aka huda darajarsa ta faɗi, ko da ka toshe ka shafe.

Na biyu, kafin ka aika wa mutumin Kano ko dala, ɗauki abin awo. Kamfanin Premier tun 1922 yake, kuma gangunan da ya yi kafin ƙarshen shekarun 1960 awonsu ba irin na Amurka ba ne. Ɗan tom ɗin da ake kira inci 12 bai cika 12 ba, ya rage da wajen milimita 3, na ƙasa kuma ya ɗan haura 16. Shi ya sa fatar roba ta kanti ba ta zama masa daidai. Ka tuna tom ɗin sama fatar akuya ce a kansa? Babanka ya nema ya rasa, ya kai wa wani mai haɗa kalangu ya naɗa masa fata a zoben. Da hunturu takan ɗaure ta yi tsini, da damina ta saki, sai ka ga ya zaro kwabon dala biyar daga aljihu yana murɗa kusoshin, don kawunansu tsaga gare su irin na sukurudireba, makullin bateri na yanzu ba ya kama su. To ka kawo tom sabo mai fatar roba ka ɗora kusa da wannan. Muryarsu ba za ta haɗu ba. Launi ma haka, farin naka ya koma ruwan man shanu saboda shekaru, sabo zai tsaya a gefensa fari fat, duk wanda ya kalla ya san an yi ƙari.

In dole sai ka ƙara, sayi ƙafar ƙarfe mai zaman kanta ka rataya tom ɗin a gefe, ko ka maƙala shi a ƙafar simbal, faifan ƙarfen nan da ake bugawa. Ranar da ka gaji ka cire, baterinka yana nan yadda yake. Amma ni ban ga dole ba. Ringo Starr, mai baterin ƙungiyar Beatles ta Ingila, da ganga huɗu ya yi suna, Premier ma yake kaɗawa kafin ya koma na kamfanin Ludwig a 1963, kuma a 2015 an yi gwanjon wancan Ludwig ɗin sama da dalar Amurka miliyan 2.

Auta: Miliyan 2?? Na Amurka?? Yaya kada ka huda!

Mai Sono: Tonton Mushe, da girmamawa, ka kawo wanda ya dace da kai ka ɓoye ɗayan. Keith Moon na ƙungiyar The Who ma Premier yake kaɗawa, babbar ganga biyu ya jera da tom rututu. Shi ba gwani ba ne? Mu da muke ɗaukar sono, wato kayan sauti, zuwa biki mun san abin da uwar amarya take kallo.

Mushe: Shi kamfani ne ya ƙera masa nasa gaba ɗaya, launi ɗaya, icce ɗaya. Bai kai wa mai walda ya huda masa ba.

Mai Sono: Duk ɗaya ne, yawa yawa ne.

Na Zango: Ku je ku saurari Tony Allen na Legas, mai baterin Fela Kuti, wanda ya rasu a 2020. Ba a san shi don yawan ganguna ba, hannu ne da ƙafa. Kuma shi ma babansa ba makaɗin fada ba ne, sai Ɗan Birni ya je ya ce masa haye.

Ɗan Birni: Haye ne mana. Gwani daban, gado daban. Kai ne ba ka san bambanci ba.

Hajiya Mai Atamfa: Salamu alaikum, ni ban san tom ba ban san simbal ba, amma na ga an ce gado kuma na ga an ce miliyan. Ɗana, da ka ce kayan gadonka ne ba mai hana ka, an raba ne? Na san gidanku. Kana da ƴan'uwa mata uku a ɗakin mahaifiyarka, babbar ma ƙawar ƙanwata ce. Keken ɗinki biyu na ji an raba, ban ji an sa gangunan nan a lissafi ba.

Mai Bateri: Hajiya don Allah. Wace a cikinsu za ta kaɗa bateri?

Hajiya Mai Atamfa: Ai ba sai ta kaɗa ba. Gona ma mace tana gado ko ba ta riƙe hauya. A yi masa kuɗi a ba kowa nasa, sannan ka huda abinka har ƙasa.

Mai Bateri: Lokacin da ɓeraye suke cin fatar a ɗakin ajiya ba wanda ya tuna da shi. Ni na fito da shi na goge tsatsa da hannuna.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya ba ka ladan gogewa. Haƙƙi dai yana nan.

Mushe: Hajiya, miliyan ɗin da na faɗa saboda sunan mai shi ne, ba saboda iccen ba. Na ɗanmu ba zai kai ko kusa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Mushe, ko jika goma ne a raba.

Malam Ƙarami: Kafin a je ga rabo akwai tambaya. Namiji yana da rabon mata biyu, wannan nassi ne, ba gardama. Amma kayan kiɗa dukiya ce da ake gado? Malamai da yawa ba su halatta cinikinsu ba, sassaucin da aka yi a kan duffi ne ranar aure. Abin da ba a sayarwa yaya za a yi masa kuɗi?

Na Zango: To Malam, tamburan fada fa?

Malam Ƙarami: Ban zo nan don fada ba.

Na Zango: Ai na sani. Kan talaka fatawa take sauka.

Ɗan Birni: Tambari kayan sarauta ne, ba na mutum ɗaya ba, ba a raba shi. Ka ga bambancin da nake faɗa tun ɗazu. Abin da za a iya yi wa kuɗi a raba wa mata uku kaya ne kawai, kamar keke.

Na Zango: Yanzu kuma gado ya zama abin da ba a rabawa? Ɗazu ka ce sai an kai kaka.

Ɗan Birni: An goge wannan saƙo.

Na Zango: Na riga na karanta. Maimaita in kai namiji ne.

Shugaban Zaure: Ɗan Birni, gargaɗi na ƙarshe. Ba a zagin iyaye a nan.

Auta: Ni dai tambayata, in fatar akuya ce a kan tom ɗin, kuma mai kalangu ya naɗa, ashe rabinsa na gargajiya ne. Sai a ba shi rabin gado.

Mai Sono: Auta ka ci kyauta.

Mai Bateri: Jama'a, wallahi na yi nadamar buɗe baki. Mutum ya zo da ciwo, an mai da gidansu abin hira. Ba wanda ya ce uffan kan shugaban da ya yi mini wulaƙanci bayan duk wahalar da na sha da su, har Mirriya da Magariya nake bin su a bayan mota da ganguna a cinya.

Mai Sono: Wannan gaskiya ne, amma shi ma kasuwa yake bi. Kuma in za a faɗi gaskiya, an ce ba ka zuwa gwaji kan lokaci.

Mai Bateri: Wa ya ce?

Mai Sono: An ce dai.

Mushe: Ɗana, auna tom ɗin kawai ka turo mini lambar. Cire zoben ka auna jikin iccen daga gefe zuwa gefe. In awon zamani ne, fatar kanti za ta shiga. In kuma tsohon awo ne, akwai kamfanin Remo da yake yin fata ta musamman don irinsa, sai dai a yi maka oda daga waje.

Hajiya Mai Atamfa: In an auna a faɗa mini ni ma.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara abin da aka cim ma. Na ɗaya, kowa ya yarda an ɓata wa ɗan'uwanmu, muna ba shi haƙuri. Na biyu, bayanin Mushe ya nuna tsohon bateri wahala ce zalla: fata ba ta samuwa, makulli ba ya kamawa, launi ya ƙone. Na uku, Hajiya da Malam sun nuna akwai rikicin iyali a kansa, don haka abin da ya fi shi ne a sayar a raba kuɗin kowa ya huta. Na huɗu, Mai Sono ya tabbatar masu biki babban bateri suke so. Saboda haka ra'ayin mafi yawa shi ne ya rabu da tsohon ya sayi sabo cikakke mai tom biyar. Surukina yana kawo irinsu daga Kano, har da simbal da kujera, kuma yana karɓar tsoho a yi ciko. Maganar gado kuwa, an bar ta a kan cewa kowa da gaskiyarsa.

Mushe: Shugaba, ban ce wahala ce ba. Cewa na yi kada a huda. Kuma kada ya ba surukinka.

Malam Ƙarami: Ni ma ban ce a sayar ba, akasin haka na faɗa.

Na Zango: Mafi yawan su wa? Ƙirga mu gani.

Ɗan Birni: Ba a bar komai a kan komai ba. Har yanzu bai janye kalmar ba.

Shugaban Zaure: Na rufe zaure sai gobe bayan La'asar. Mai son lambar surukina ya same ni ta gefe.